Kafin ka kai Malam Bukhara

Tambaya: Mahaifina ya haura shekara saba'in, kuma ya daɗe yana karantar da Sahihul Bukhari a zaurensa. Burinsa ya ga garin Imamu, ya tsaya a kabarinsa ya yi masa addu'a. Na yi niyyar kai shi Bukhara, mako guda gare mu har da kwanakin hanya. Me ake gani a can, kwana nawa zai isa, kuma dattijo zai iya tafiyar?

Amsa: Allah ya yi maka albarka, ya sa naka su yi maka fiye da haka. Na sha zuwa Uzbekistan, wani zuwan ni kaɗai, wani da ayarin maziyarta waɗanda a cikinsu akwai sa'o'in Malam, don haka bari in fara da ƙarshen tambayarka: dattijo zai iya, in an tsara masa. Sai dai akwai gyaran da za ka yi tun kafin ka biya kuɗin tikiti. Kabarin Imamu Bukhari ba a Bukhara yake ba.

Malam ya fi ni sanin labarin, amma mu maimaita saboda kai. An haifi Muhammadu ɗan Isma'ila a Bukhara a shekara ta 194 bayan Hijira, wato 810 Miladiyya. Yana ɗan shekara 16 ya tafi Hajji da mahaifiyarsa da yayansa Ahmad. Su suka komo gida, shi ya tsaya neman hadisi, ya yi ta kai da kawo tsakanin Hijaz, Basra, Bagadaza, Sham, Masar da Naisabur. Da ya dawo garinsu a ƙarshen rayuwa, gwamnan Bukhara, Khalid ɗan Ahmad, ya nemi ya riƙa zuwa fada yana karantar da shi da 'ya'yansa. Imamu ya ƙi, ya nuna masa ilimi zuwa ake yi wurinsa, mai so ya zo masallaci ya zauna cikin jama'a. Ƙarshenta aka fitar da shi daga garin. Ya sauka wurin danginsa a wani ƙauye mai suna Khartank, kusa da Samarkand, can kuma ya cika a daren ƙaramar Salla ta shekarar 256, wato 870. Daga inda aka haife shi zuwa inda aka binne shi tafiyar kusan kilomita 300 ce.

Na taɓa tarar da wasu bayin Allah a harabar otal a Bukhara, daren da za su koma gida, suna tambayar mai otal hanyar kabarin. Wanda ya shirya musu tafiyar ya kawo su garin da ya yi daidai da sunan, shi ke nan. Har yau ina tuna yadda babbansu ya cire hula ya riƙe a hannu lokacin da ya gane.

To, tafiyarku ta gari biyu ce. Kwana uku a Bukhara, biyu a Samarkand, ragowar na hanya. Ku fara da Bukhara ku rufe da kabarin, yadda rayuwar Imamu ta bi.

Abu na biyu da ya kamata Malam ya ji tun daga gida, don kada ransa ya sosu a can: da wuya a nuna maka wani gini a tsaye yau a ce idon Imamu ya gan shi. Rundunar Jangis Khan ta ci garin a 1220, ta cinna masa wuta. Yawancin abin da ake ɗauka a hoto, ƙubbobin nan masu shuɗin tangaran da dogayen ƙofofin makarantu, na ƙarni na 16 da na 17 ne, lokacin da sarakunan Shaibaniyawa da waɗanda suka gaje su suka mai da Bukhara babban birninsu. 'Yan jagora kuwa ba abin da ke bakinsu sai "shekara dubu biyu da ɗari biyar". Garin ya kai, ginin ne bai kai ba. Abin da ya saura na zamanin Imamu wurare ne kawai: tudun da fada take kai, inda Ƙutaiba ɗan Muslim ya kafa masallaci bayan ya ci garin a 709, da maƙabartar Abu Hafsin Kabir, babban malamin Hanafiyya wanda ya rasu a 217 Hijira, Imamu yana saurayi.

Ginin da ya fi kusa da zamaninsa shi ne hubbaren Isma'il Samani, sarkin da ya rasu a 907. In aka ce in zaɓi abu ɗaya tak a Bukhara, shi zan ɗauka, ko da yake mutane da yawa minti biyar suke ba shi. Ɗan ɗaki ne mai kusurwa huɗu, kowane gefe kamar mita 10, ƙubba ɗaya a kansa. Ba fenti, ba tangaran, gasasshen bulo ne zalla. Amma maginan sun jera bulon nan a tsaye, a kwance, a karkace, wani a dunƙule kamar zobe, har bangon ya fito kamar saƙar faifai. Ka je da hantsi ka ga zane ɗaya, ka koma da la'asar inuwa ta juya ka ga wani. Kaurin bangon ya kusa mita 2. Ƙasa da kaburburan da suka taru kewaye da shi sun daɗe suna rufe da gindinsa, sai a shekarun 1930 masu binciken tarihi suka tono shi. Daular Samaniyawan nan ita ce ta rene Ibn Sina, wanda aka haifa wajen 980 a ƙauyen Afshana kusa da Bukhara. Da ya yi wa sarki Nuhu ɗan Mansur magani yana matashi, aka buɗe masa ɗakin littattafan fada. Hubbaren yana cikin lambu, ga inuwa, ga benci, Malam zai iya zama ya kalle shi a natse.

Zuciyar garin kuwa dandalin da suke kira Poi Kalon ne, wato gindin babba. Babbar ita ce hasumiyar da Arslan Khan ya gina a 1127, tsayinta kusan mita 46. Ta tsallake wutar Mongol, wato rundunar Jangis Khan. Za a gaya muku wai Jangis Khan ya ɗaga kai zai hango ƙarshenta hularsa ta faɗi, da ya sunkuya ɗauka sai ya ce ginin da ya sa shi rusunawa ba za a taɓa shi ba. Ku saurara ku yi murmushi. Abin da yake tabbas shi ne an yi kiran salla a kanta, an yi tsaron gari daga kanta, kuma a zamanin sarakunan baya an riƙa jefo masu laifi daga ƙololuwarta. Galibi ba a barin baƙi su hau, gwiwoyin Malam sun huta.

A gindinta akwai Masallacin Kalon, wanda aka gama ginin da ake gani yanzu a 1514. Ka shiga ƙofa, ka sauka 'yan matakala, sai tsakar masallacin ta buɗe maka fetal, bishiya ɗaya tal a ciki, kewaye da rumfuna masu ƙananan ƙubbobi 288 a kan ginshiƙai 208. Yana cin mutum sama da dubu goma. Zamanin Tarayyar Sobiyet sito aka mai da shi, sai bayan samun 'yancin ƙasar a 1991 ya koma hannun masallata. Ku je da sassafe, kafin manyan motoci su sauke 'yan yawon buɗe ido. A lokacin ba ka jin komai sai kukan kurciya da ƙarar tsintsiyar mai shara.

Daura da shi, ƙofa na kallon ƙofa, makarantar Mir Arab ce, wadda Ubaidullah Khan ya gina a shekarun 1530 saboda shehinsa, Abdullahi al-Yamani. Wannan ita za ta fi taɓa zuciyar Malam. 'Yan gurguzu sun rufe makarantun addini kaf, sannan bayan Yaƙin Duniya na Biyu suka yarda a sake buɗe wannan. Shekaru da yawa kusan ita kaɗai ce makarantar da doka ta amince a karanta fiƙihu da hadisi a cikinta a duk faɗin Tarayyar Sobiyet, kuma muftai da dama na Rasha da yankin Kaukasas nan suka yi karatu. Har gobe ɗalibai na ciki, shi ya sa baƙo iyakarsa zaure, sai dai ya leƙa ta tagar raga. Amma lokacin salla suna fitowa su tsallaka zuwa masallaci. Malam ya yi musu sallama da Larabci. A wannan dandali Larabcinsa zai fi Turancinka amfani nesa ba kusa ba. Ban ce za a shigar da ku ba, amma na ga yadda fuskar malamansu ke sakewa in suka ji baƙo daga Afirka ya ambaci Bukhari da isnadi.

Tunda an zo maganar salla, mutanen ƙasar Hanafawa ne, kuma za ku ga bambanci. La'asar ɗinsu tana jinkiri, sai inuwar abu ta ninka tsawonsa biyu. Asuba sukan bari gari ya ɗan yi haske, kuma ba sa ƙunuti a cikinta. Ƙabalu suke yi ƙasa da cibiya, amin a ɓoye, wutiri raka'a uku a haɗe. In an sallame ba a watsewa nan take, liman zai karanta wasu ayoyi a yi addu'a tare a shafa. Malam ya san duk wannan a littafi, kai nake gaya wa don kada ka riƙa duba agogo kana cewa sun makara. Kowane babban masallaci yana da gidan alwala, tahoratkhona suke ce masa, sau da yawa har da ruwan ɗumi da tawul. A otal ne za ka nemi buta ka rasa. Saka ƙarama a jaka tun daga gida.

Masauki ku nema a tsohon gari, kusa da Labi Hauz, ma'ana bakin tafki. Daga nan kusan komai da ƙafa ake zuwa. Tsofaffin gidajen attajirai da yawa an mai da su masaukin baƙi: daga waje bangon ƙasa da ƙaramar ƙofa a lungu, kai ka ce cikin birnin Kano kake, ka shiga ka tarar da tsakar gida da rumfar inabi. Ka dage a ba Malam ɗaki a ƙasa. Matakalar gidajen nan a tsaye take, kuma ba na'urar hawa. Ka kuma tambaya ko mota na isa ƙofar gidan, don wasu lungunan sai an ja akwati a kan duwatsu.

Tafkin kansa wazirin Bukhara, Nadir Diwan Begi, ya sa aka haƙa a 1620, da matakalar dutse har ƙasa, tsofaffin bishiyoyin tut sun yi masa rumfa. Yau wurin shan shayi ne da hira. A da irinsa sun cika garin, daga su 'yan ga-ruwa ke cika salka suna kai wa gidaje, kuma daga su mutane ke kwasar kurkunu. Rishta suke kiransa. Ya yi wa Bukhara katutu har matafiya suka san ta da shi, wanzamai ne ke naɗe tsutsar a jikin tsinke suna ja a hankali, kamar dai yadda kakanninmu suka sani. A shekarun 1920 likitocin Sobiyet suka sa aka ƙafar da yawancin tafkunan aka cike su, zuwa farkon shekarun 1930 cutar ta ƙare a garin. Mu a Nijeriya sai 2013 aka ba mu shaidar rabuwa da ita. Mutanen garin suna cewa da tafkunan suka tafi, kwaɗi suka tafi, shamuwar da ke sheƙa a kan ƙubbobi ita ma ta daina zuwa. Yanzu a kasuwa za ka gan ta, maƙera suna ƙera almakashi mai siffarta, bakin tsuntsuwar shi ne kaifin.

A bakin tafkin akwai makarantar shi wannan waziri, ta 1622. Ka sa Malam ya ɗaga kai ya dubi goshin ƙofar: manyan tsuntsaye biyu suna tashi zuwa ga rana mai fuskar mutum, a jikin makarantar addini. Na tabbata zai yi magana. Da daddare ana raye-raye da cin abinci a tsakar gidanta saboda baƙi, wannan ku bar wa masu shi.

Tsakanin tafkin da hasumiya za ku ratsa kasuwanni uku masu ƙubba, waɗanda aka gina a mararrabar hanyoyi a ƙarni na 16: Toki Sarrafon ta 'yan canji, Toki Telpak Furushon ta 'yan hula, Toki Zargaron ta maƙeran zinariya. Sunayen ne suka rage, yanzu duk tsaraba ake sayarwa. Amma ka tsaya a ƙarƙashin ƙubbar da tsakar rana ka ji sanyin da ke ratsawa, za ka sara wa maginan. Ciniki ake yi, farashin farko na baƙo ne, kuma ban ga Bahaushen da za a koya wa wannan ba. Abin saye na gaske shi ne suzani, zanen da mata ke yi wa ɗinkin hannu da zaren siliki. Juya bayansa ka duba: aikin hannu ba ya rasa ƙulli da 'yar karkata, na inji sumul yake. Abin da duniya ke kira kafet ɗin Bukhara kuwa asalinsa saƙar Turkumawa ce, a kasuwar Bukhara ake sayar da shi shi ya sa sunan ya bi shi. In mai shago ya rantse maka kayansa ya shekara ɗari, to ko dai ƙarya yake, ko kuma kwastan za su tsayar da kai, don ba a fitar da tsofaffin kayan tarihi sai da takardar izini. Wannan ya haɗa da tsofaffin littattafan Larabci, inda na san idon Malam zai tafi.

Fadar sarakuna, Ark, daga waje ta fi kyau. Ganuwa ce mai tudu da kumburin ciki, ta yi wa dandalin gabanta tsaye. A nan sarki Nasrullah ya sa aka sare kan hafsoshin Ingila biyu, Stoddart da Conolly, a 1842. A Satumban 1920 sojojin Bolshebik, wato 'yan gurguzun Rasha, ƙarƙashin Mikhail Frunze suka yi mata ruwan wuta da igwa da jiragen sama, sarki na ƙarshe, Alim Khan, ya tsere Afganistan, ya rasu a Kabul a 1944. Mafi yawan cikinta kufai ne har yau. Hanyar shiga hawa ce mai tsauri, in Malam ya gaji kada ka matsa masa. Ku tsallaka titi zuwa masallacin Bolo Hauz na 1712, inda sarki ke sallar Juma'a. Rumfarsa na kan dogayen ginshiƙan katako 20 masu sassaƙa, amma mutanen gari masallaci mai ginshiƙi arba'in suke ce masa, don suna haɗawa da inuwarsu a cikin tafkin da ke gabansa. Ana salla a ciki, ku yi Azahar a nan.

Rabin yini ɗaya ku ware wa hubbaren Shehu Baha'uddin Naƙshabandi, kamar kilomita 12 daga gari, a ƙauyen Ƙasri Arifan inda aka haife shi a 1318 kuma aka binne shi a 1389. Ɗariƙarsa ba ta yi ƙarfi a ƙasar Hausa kamar Ƙadiriyya da Tijjaniyya ba, amma daga Turkiyya zuwa Indiya da Indunusiya mabiyanta ba sa ƙirguwa. An san ta da zikirin ɓoye da kuma koyarwar cewa zuciya na wurin Allah, hannu na kan sana'a. A nan za ka ga 'yan ƙasar da kansu, ba baƙi ba: tsofaffin mata da farin mayafi, ango da amarya, iyali guda da tukunyar abincin sadaka. Wani alaramma na zaune a gefe yana karatu, a zauna a saurara, a shafa, a tashi, wasu su zauna. Doguwar sanda mai jelar doki a kan kabari alamar waliyyi ce a wurinsu. Ban san inda Malam ya tsaya a maganar ziyarar kaburbura ba, kuma ba zan buɗe wannan babi a nan ba. Iyaka dai hukumar addinin ƙasar kan kafa alluna a irin wuraren nan masu hana sumbatar dutse da roƙon mamaci.

Sauran wuraren, in lokaci ya ragu: makarantar Ulug Beg ta 1417, wadda aka rubuta hadisin wajabcin neman ilimi a ƙofarta, tana kan hanyarku, ku tsaya. Chor Minor mai hasumiya huɗu ta 1807 minti goma ta ishe ku. Gidan shaƙatawar sarki na bayan gari, madubai ne da kayan alatun Rasha, ni dai ba zan wahalar da dattijo saboda shi ba.

Abinci ba zai ba ku wuya ba. Babban abincinsu osh, dafa-dukar shinkafa da karas da naman rago ko na sa, wani lokaci da zabibi. Abincin rana ne, in ka wuce ƙarfe biyu sai ƙanzo. Maiƙo gare shi ƙwarai, ga kitsen jelar rago, wasu kuma da man angurya suke yi, saboda haka Malam ya ci kaɗan ya bi da koren shayi yadda suke yi. Akwai tsire, shashlik, akwai somsa da ake gasawa a jikin tanderu, akwai shurpa, romon nama da dankali wanda ya fi dacewa da cikin dattijo da daddare. Burodinsu, non, ɗan'uwan gurasa ne. Da hannu ake gutsura shi, ba a kifa shi, ba a jefar da shi. In mai gida ya zuba maka shayi rabin kofi, girmamawa ce, yana so ya yi ta ƙara maka da zafinsa.

Abu biyu ka kula. Suna cin naman doki, musamman wani irin tsiren naman doki da ake kira ƙazi, wanda akan yanka a ɗora a kan osh, an fi yin haka a Tashkent, babban birnin ƙasar. Mu Malikawa mun san hukuncinsa a wurinmu, don haka ka tambaya kafin a zubo. Sannan gidajen abinci da yawa na unguwar baƙi suna sayar da giya. Masu alamar halal suna nan, mai masaukinku zai nuna muku. Ruwan famfo kuma ku bar shi, ku sayi na gora.

Hanya. Babu jirgin da ke tashi kai-tsaye daga ƙasashenmu, sai an yada zango, galibi a Santambul ko Dubai, a sauka Tashkent ko Samarkand. Agogonsu yana gaban na Nijeriya da Nijar da awa 4. Biza ita ce aikin farko. Tun 2018 suna da ta intanet, amma ba kowane fasfo ta shafa ba. Ka duba sunan ƙasarku a jerin da ke shafin gwamnatinsu, in babu, sai ka bi ta kamfanin yawon buɗe ido mai rajista a can ya samo muku takardar gayyata. Kada ka sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito.

A cikin ƙasar jirgin ƙasa za ku bi. Mai saurin, Afrosiyob, yana kai mutum daga Tashkent zuwa Bukhara cikin kamar awa 4, daga Bukhara zuwa Samarkand ƙasa da awa 2. Kujerunsa na ƙarewa da wuri, ka saya ta intanet makonni kafin tafiya. Tashar ba a cikin Bukhara take ba, tana Kogon, tafiyar kamar minti 20 a mota, nan Rashawa suka ajiye ta tun da suka shimfiɗa dogo a 1888. Direbobi za su yanyame ku a bakin ƙofa. Ka sa manhajar Yandex Go a wayarka, ita za ta nuna maka kuɗin gaskiya. Kowane masauki zai yi muku rajista ya ba ku 'yar takarda, ka adana su cikin fasfo har ku fita ƙasar. Kuɗinsu som, dala ɗaya ta haura som dubu goma, kada tulin sifiri ya ruɗe ka. Ka riƙe sababbin takardun dala marasa yagewa ka canza a banki, kada ka dogara da katin bankin gida. Magungunan Malam su zauna a kwalayensu tare da takardar likita, kuma duk abin da ke da kodin ko tiramadol a ciki a bar shi a gida, ba sa wasa da wannan a filin jirgi.

Lokacin tafiya: Afrilu da Mayu, ko Satumba da Oktoba. Daga ƙarshen Yuni zuwa farkon Agusta suna da kwana arba'in na zafi da suke kira chilla, ma'auni na haura 40. Ka ce mun saba, amma a gida ba yini muke muna yawo a kan dutse ba. Sanyinsu kuwa ruwa na daskarewa, hunturunmu wasan yara ne. Ni na fi son Satumba, lokacin inabi da rumman da kankana. Ku fita da safe, ku dawo Malam ya yi ƙailula, ku sake fita bayan La'asar.

Za a kalle ku, za a kuma nemi hoto da ku, musamman in Malam ya sa babbar riga da rawani. Yara, tsofaffi, har 'yan sanda. Ban taɓa ganin mugunta a ciki ba, sha'awa ce, amma tana gajiyarwa. Ka dafa ƙirji da hannun dama ka ce rahmat, wato na gode, ku wuce. Mutanen Bukhara Tajikanci suka fi yi a gida, sannan Uzbekanci da Rashanci. Sallama dai ɗaya ce da tamu.

A Samarkand, rana ta farko ku ga Registan, dandalin makarantu uku, da hubbaren Imamu Maturidi wanda ya rasu a 333 Hijira, da Shahi Zinda inda ake danganta kabarin Ƙusam ɗan Abbas, ɗan baffan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Matakalar Shahi Zinda doguwa ce, ku hau a hankali ana hutawa.

Rana ta biyu kada ka haɗa ta da komai. Khartank na arewa da gari, kamar kilomita 25. An yi wa wurin sabon gini a 1998, a 'yan shekarun nan kuma aka sake gagarumin aikin faɗaɗa shi da babban masallaci. Dutsen marmara da ake gani a sama alama ce, ainihin kabarin yana ɗakin ƙasa, wanda ba kullum ake buɗewa ba. Ka ɗauki mota zuwa da dawowa, ka gaya wa direba awa biyu za ku yi, kada ya sa ran rabin awa. Kuma ka saka wa Malam juzu'in farko na Sahihul Bukhari a jaka, nasa na zaure wanda gefensa ya sha rubutu, ko da ya ce nauyi ne.

A wani zuwa da muka yi, wani dattijo cikin ayarinmu ya zauna a bakin rumfa ya buɗe nasa, ya fara daga hadisin niyya, da isnadinsa, da irin karin karatun zaure. Muryarsa na rawa. Kafin ya kai ƙarshen babin, tsofaffin Uzbekawa biyar ko shida masu 'yar hular nan baƙa mai farin zane sun zo sun zauna kewaye da shi, ba wanda ya ce uffan. Da ya rufe littafin suka ɗaga hannu, aka shafa. Ɗayansu ya kwance ƙullin ƙyalle ya fito da non, ya gutsura ya miƙa wa dattijon farko, sannan ya bi mu ɗaya bayan ɗaya. Direbanmu ya ƙara mana kuɗin jiran awa guda, muka biya ba ciniki.